Ba Ƙwaya Ce Ta Kaɗa Jitar Hendrix Ba

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu, ko da yake bai sani ba. Shekararsa goma sha tara, kuma yau kusan shekara biyu ke nan da ya samu wata tsohuwar jita yana fama da ita, tun uwarsa na faɗa har ta gaji ta zuba masa ido. Wani dare na biya ta fadarsu zan karɓi saƙo, na tarar shayi na bisa wuta, su kuma sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon Jimi Hendrix yana kaɗa jita da haƙora. Da na tsaya a kansu sai yaron ya ɗago ya ce, "Kawu, ai irin wannan ba a yin sa a cikin hayyaci. Sai an ɗan sha wani abu hannu ke sakewa haka." Abokansa suka gyaɗa kai kamar ya faɗi abin da kowa ya sani. Ni kuwa na san abin da "wani abu" ke nufi a bakin saurayin Maradi na yau: tramol ne da danginsa.

Ban tanka ba, don ba a yi wa saurayi faɗa a gaban fadarsa. Na koma gida na kunna faifan Are You Experienced, wanda Hendrix ya fara fitarwa a Ingila ranar 12 ga Mayun 1967, na saurare shi daga farko har ƙarshe, raina a ɓace. Ba yaron ne ya ɓata mini rai ba. Maganar da ya faɗa ta girme shi, ta ma kusa girmata. Gadonta ya yi, kuma abin mamaki, daga gida biyu da ba sa ga maciji da juna. Masu son wannan kiɗa suna faɗin ta da alfahari, wai ƙwaya ce ta buɗe wa makaɗan wancan zamani ƙofar da ba a taɓa buɗewa ba. Masu ƙin sa suna faɗin ta da ƙyama, wai hayaniyar ƴan maye ce kawai. Duka biyun sun haɗu a kan abu ɗaya, cewa aikin na ƙwaya ne. Ni kuma na ce ƙarya ne, kuma sata ce, domin an ɗauke guminsa an ba abin da ya kashe shi.

Ba zan shiga muhawarar halaccin kiɗa ba, tana da malamanta. Magana nake a kan wa ya yi aiki, wa aka yaba.

Bari mu fara da sunan da aka laƙa wa irin wannan kiɗa, wato saikedelik. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai suna Humphry Osmond ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarun 1950, don ya siffanta irin magungunan da ke sa mutum ganin abin da babu da jin abin da ba a faɗa ba. Babbansu shi ne LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a ɗakin binciken kamfanin Sandoz a Siwizalan a 1938, ya kuma gano abin da yake yi wa hankali a 1943. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 abin ya fita daga hannun likitoci ya faɗa hannun samarin Kalifoniya da Landan, sai aka fara kiran duk wani kiɗa mai baƙon sauti, da duk wata riga mai launi barkatai, da wannan suna. Suna ne na kasuwa, kuma ya yi ciniki. Dubi bangon faifan da aka fitar a Amurka a watan Agustan 1967: hoton mutum uku an lanƙwasa shi kamar ana leƙen su ta ƙasan kwalba, ga ruwan ɗorawa, ga rubutu a karkace. Tun kafin ka ji sauti ɗaya an riga an gaya maka me za ka ji.

To amma wa ke cikin bangon?

An haifi Hendrix a Siyatil, can arewa maso yammacin Amurka, ranar 27 ga Nuwamban 1942, a gidan talauci da rigima. Yana yaro tsintsiya yake runguma yana kwaikwayon masu jita. Uwarsa ta rasu a 1958, kuma a shekarar ne ya samu jitarsa ta farko a kan dala biyar ta Amurka. Bahago ne, jitar kuma ta na dama ce, sai ya juya ta ya sake ɗaura tsirkiyoyin, kuma haka ya riƙa yi har ya mutu. A 1961 aka kama shi cikin motar sata, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da soja, ya zaɓi soja. Bai yi abin kirki a can ba. Abokan barikinsa sun shaide shi da kwana da jita a gado, kuma cikin 1962 aka sallame shi.

Daga nan ne shekarun da ba a son ba da labarinsu suka fara, domin babu launi a cikinsu, babu furanni. Shekara huɗu ya yi yana yawo a gidajen rawar baƙar fata na kudanci da gabashin Amurka, a lokacin da har yanzu akwai garuruwan da baƙin mutum ba zai shiga gidan abinci ya zauna ba. Ɗan amshi ne, ɗan bayan fage. Ya kaɗa wa Isley Brothers, ya kaɗa wa Little Richard har suka rabu ba daɗi, ya kaɗa wa King Curtis, ya kaɗa wa wasu da yau ba mai tuna su. Kowane dare sabon gari, kowane dare jama'ar da ta biya kuɗinta kuma ba ta da haƙuri. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaron makaɗi ke tashi a ƙasar Hausa ya san wannan makaranta. Kai ne mai ɗaukar kaya, kai ne mai amshi, idan ka kuskure a harare ka a gaban jama'a, idan ka yi fice fiye da maigida a kore ka. A nan ya koyi yadda ake riƙe waƙa da hannu ɗaya ana yi mata ado da ɗayan, salon da ya ɗauko daga Curtis Mayfield. A nan kuma ya koyi wasan nan da ya ruɗi ɗan yayata. Kaɗa jita a bayan ƙeya, T-Bone Walker ya yi shi tun Hendrix na cikin zanen goyo. Kaɗawa da haƙora kuwa, a gidajen rawar Tenesi ya gani ya ɗauka. Dabarar neman abinci ce ta talakan makaɗi da ke son a tuna da shi gobe. Waɗanda suka gan ta a Landan suka ɗauka hauka ne, har jaridun Ingila suka riƙa kiransa mutumin dajin Borniyo. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga hujjar da nake ganin ta isa ta kashe maganar. Chas Chandler, wanda ya bar kiɗa da ƙungiyar Animals yana neman wanda zai ɗaukaka, ya gan shi a wani ƙaramin gidan rawa a Niyok, ya ɗauko shi. Sun sauka Landan ranar 24 ga Satumban 1966. Mako ɗaya tak bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, Hendrix ya nemi izni ya hau dandamali tare da ƙungiyar Cream, inda Eric Clapton yake, wanda samarin Landan ke rubuta sunansa a bango suna kai shi inda bai kamata a kai ɗan Adam ba. Ya kaɗa wata waƙar Howlin' Wolf da saurin da ya sa Clapton ya sauke hannu. Mako ɗaya. Wace ƙwaya ce ke koya wa mutum wannan a kwana bakwai? Da kayansa ya zo. Abin da Landan ta ba shi shi ne wuri, da masu saurare, da manyan lasifikokin Marshall, da abokan aiki biyu: Noel Redding, mai jita da aka mayar mai kaɗa bas, da Mitch Mitchell, mai ganga da ya taso a kan jaz. Kafin wata ya cika sun tafi Faransa suna buɗe wa Johnny Hallyday fage.

Yanzu mu shiga ɗakin ɗaukar sauti, inda nake son mai karatu ya ɗan zauna tare da ni, domin a nan ne ƙaryar ke tonuwa sosai. An ɗauki faifan tsakanin Oktoban 1966 da farkon Afrilun 1967, a situdiyo uku na Landan, De Lane Lea da CBS da Olympic, a ɗan tsakanin tafiye-tafiyen wasa. Kuɗi babu. Chandler ne ke biyan kowace sa'a, kuma mutum ne mai tsumulmular lokaci, don haka a gida ake shirya waƙa, a zo situdiyo a ɗauka a fita. The Wind Cries Mary, waƙar nan mai sanyi da aka sa a bugun Amurka, a cikin kamar minti ashirin aka gama ta, a ragowar lokacin wani aiki. Na'urar ɗaukar kuma layi huɗu gare ta kacal. Wayar da ke aljihun ɗan yayata ta fi ta iko nesa ba kusa ba. Idan layi huɗun suka cika, sai injiniya Eddie Kramer ya haɗe su ya juye a wata na'urar don a samu gurbin ƙara wani sauti, kuma abin da aka haɗe ya haɗu ke nan, ba a raba shi. Wannan aiki ne na lissafi. Dole ka san tun farko me zai zo a ƙarshe.

Ɗauki waƙar da ta ba faifan sunansa. Jitar da ke tsakiyarta kamar ana zuƙo sauti ne maimakon a sake shi, kamar iska na komawa cikin bututu. Yadda aka yi shi ne, an juya zaren ɗaukar sautin, Hendrix ya kaɗa yana jin waƙar daga ƙarshe zuwa farko, sannan aka mayar da zaren daidai. Ka tsaya ka yi tunani. Sai mutum ya riƙe ginin waƙar a kansa a juye, ya san inda zai fara domin nan ne mai saurare zai ji a matsayin ƙarshe. Gwada karanta sunanka daga baya da sauri ka gani, balle a ce ka yi haka da kiɗa, ya kuma fito da daɗi. Mutumin da hankalinsa ya gushe ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa.

Ko kuma ƙarar nan mai kaifi da ke cikin Purple Haze, wadda kowa ke cewa muryar LSD ce. Muryar wani ɗan akwati ce mai suna Octavia, wanda Roger Mayer ya ƙera, injiniyan sauti da ke aiki a ɗakin binciken rundunar ruwan Ingila. Akwatin yana ɗaukar sautin jita ya ɗora masa irinsa mai tsini a sama. Mayer ya kawo, Hendrix ya gwada, suka gyara, suka sake gwadawa. Ita kanta waƙar, shi mai ita ya ce daga mafarki ta zo, kuma an san shi da cin littattafan ƙagaggun labaran sararin samaniya da ya tarar a gidan Chandler. Amma wa ke son jin cewa makaɗi baƙar fata yana karatu? Labarin ƙwaya ya fi sayuwa.

Sai kuma abin da ni ya fi burge ni. Kowa ya san kukan nan da lasifika ke yi a wurin biki ko wa'azi idan aka kusanto da makirufo, wanda ke sa jama'a toshe kunne, mai injin ya ruga a guje. Kafin Hendrix wasu sun ɗan taɓa wasa da shi, amma shi ya mayar da shi dabbar gida. Ya gano cewa kukan yana da murya, kuma muryar tana sauyawa gwargwadon inda ka tsaya da yadda ka karkata jitar. Saurari farkon Foxy Lady, yadda sauti ɗaya ke kumbura daga shiru har ya fashe, ko ƙarshen I Don't Live Today, waƙar da yakan sadaukar ga Indiyawan Amurka. Da ƙafa da kafaɗa ake sarrafa wannan, taki ɗaya ka ƙara ya kuɓuce. Mahayin da ke sa doki tsayuwa da ƙafa biyu a gaban sarki ranar hawan salla, ba wanda ke cewa dokin ne ya haukace.

Kada a ce na mayar da shi waliyyi. Hendrix ya sha ƙwaya, ya sha LSD, ya sha wiwi, ya sha giya, kuma waɗanda suka zauna da shi sun ce giya na mayar da shi wani mutum daban mai saurin hannu. A 1969 an kama shi a filin jirgin Toronto da kayan maye a jakarsa, ko da yake kotu ta wanke shi. Ban musa ba cewa yanayin wancan zamani, har da mayensa, ya shiga cikin hotunan da waƙoƙinsa ke zanawa. Abin da nake musu shi ne a ce daga nan gwanintar ta fito. Dubban samari sun sha abin da ya sha a shekarar 1967, a Landan da San Faransisko. Ina faya-fayansu? Idan ƙwaya ce ke kiɗa, ai da kowane lungu ya fitar da Hendrix nasa.

Idan ana son ganin aikin ƙwaya na gaskiya, a dubi Syd Barrett. A wannan shekarar dai, 1967, ƙungiyarsa ta Pink Floyd ta fitar da The Piper at the Gates of Dawn, kuma kusan duk waƙoƙin nasa ne. Yaro ne mai basira, ɗan shekara ashirin da ɗaya. Ya dulmuya cikin LSD, ga kuma lalurar da ke tattare da shi, kafin shekara ta zagayo yana hawa dandamali ya tsaya ƙiƙam yana kallon jama'a. A 1968 abokansa suka ci gaba ba shi. Ya ɗan taɓa aiki shi kaɗai, daga baya ya koma gidan uwarsa a Kambirij, ya rayu nesa da kiɗa har ya mutu a 2006. Shi kuwa Hendrix, ranar 18 ga Satumban 1970 aka ɗauke shi daga wani ɗaki a Landan bayan ya sha ƙwayoyin barci masu ƙarfi fiye da ƙima, amai ya shaƙe shi. Shekararsa ashirin da bakwai. Makonni kaɗan kafin nan ya buɗe situdiyonsa na kansa a Niyok, Electric Lady, wanda ya zuba dukiyarsa a ciki don ya samu inda zai yi aiki ba mai duba masa agogo. Wannan shi ne rabon ƙwaya a labarin. Ta zo a ƙarshe ta kwashe.

Akwai wani abu a ƙarƙashin maganar nan da ya fi damuna, kuma a nan zan ɗaga murya. A bugun Ingila na faifan akwai waƙa mai suna Red House. Bulus ce tsantsa, irin kiɗan baƙaƙen kudancin Amurka da ya gada daga su Muddy Waters da Elmore James da B.B. King, a hankali, ba ado, ba dabarar na'ura. Duk wanda ya ji ta ya san daga wane gida mutumin ya fito. Da aka zo fitar da faifan a Amurka, ƙasarsa, ƙasar da ta haifi wannan kiɗa, sai kamfanin Reprise ya cire ta tare da wasu biyu, aka sa waƙoƙin da suka riga suka yi kasuwa a Ingila. Sai a 1969 Amurkawa suka same ta a wani faifan tattara waƙoƙi. Wato an cire takardar haihuwarsa daga cikin faifan, an bar rigar furanni. Samarin Turawa suka karɓe shi a matsayin wani baƙo da ya faɗo daga wata duniya, gidajen rediyon baƙar fata kuma ba su cika sa shi ba, suna ganin kiɗan Turawa yake yi. Har yau a nan wurinmu za ka ji ana cewa rok kiɗan Nasara ne, alhali Chuck Berry da Little Richard da Sister Rosetta Tharpe ba Nasara ba ne.

Kuma ba a kansa aka fara ba. Robert Johnson, makaɗin bulus na Misisipi da ya mutu a 1938, shi ma yana da shekara ashirin da bakwai, labarin da duniya ta riƙe a kansa shi ne wai ya je mararraba da tsakar dare ya sayar wa Shaiɗan ransa aka ba shi gwaninta. Gaskiyar kuwa ba ta da armashi: ya ɓace na wani lokaci ya zauna wurin wani gwani mai suna Ike Zimmerman yana koyo dare da rana. Johnson an ba Shaiɗan ladarsa, Hendrix an ba LSD. Mu ma nan ba mu tsira ba. Sau nawa muka ji an ce makaɗi wane aljanu ne ke ba shi waƙa, ko wani malami ne ya yi masa aiki? Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi, tsirkiya ɗaya tal, ya zagaya duniya da shi, kuma wanda bai taɓa gwada fitar da murya biyu daga tsirkiya ɗaya ba shi ne zai fi saurin neman bayanin a wurin iskoki. Mun fi son asiri a kan horo, domin asiri ba ya tuhumar lalacinmu. In aljani ne ya ba shi, ni da ban samu ba ba laifina ba ne. In ƙwaya ce, to ai jika ɗaya ta isa in saya.

A nan ne maganar ta daina zama ta tsohon faifai ta zama ta ɗan yayata. Yaron da ya yarda cewa hannu ba ya sakewa sai an sha, ranar da yatsunsa suka yi masa ciwo, ranar da ya yi wata uku a kan abu ɗaya bai samu ba, ba zai ƙara sa'a biyu a kan jitar ba. Zai aika a sayo masa.

Abin haushin shi ne misalin da yake buƙata yana nan kusa da shi, a ƙasarsa. Mdou Moctar, Buzun nan na yankin Tawa, da wayar birkin keke ya ɗaura wa jitarsa ta farko tsirkiya, a gidan da ba a son jin kiɗa. Shi ma bahago ne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya har suka ƙetare teku. Shekarun da ya yi yana kiɗan bukukuwan aure a Agadas su ne nasa gidajen rawar kudancin Amurka. Bombino kuwa ya faɗa da bakinsa cewa yana yaro a gudun hijira ya riƙa kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler yana maimaitawa. Kallo da maimaitawa, ka ji sirrin. Amma ko a nan ƴan jaridar Turai sun samo hanyar gajarce labari. Duk Ba'afirken da ya riƙe jitar lantarki sai su ce masa Hendrix na Sahara. Sun faɗa wa Mdou Moctar, sun faɗa wa Vieux Farka Touré na Mali. Suna nufin yabo, na sani, sai dai yabon ya share Abdallah Oumbadougou da Tinariwen da kiɗan takamba da tende, waɗanda su ne ainihin iyayen gidan. Ɗabi'ar dai ɗaya ce: a ga gwaninta, a ƙi tambayar wa ya koyar, a manna mata suna mafi sauƙi. Irin wannan ne ya sa a Essawira ta Maroko ake nuna wa baƙi wani kango a bakin teku ana cewa shi ya sa Hendrix rubuta Castles Made of Sand, alhali waƙar ta fito a 1967, shi kuma sai a 1969 ya taka ƙasar.

Faifan ba shi da aibi? Yana da shi. Remember waƙa ce ta cike gurbi, ba na kewarta idan na tsallake. Yadda yake magana a kan mata a wasu waƙoƙin irin ta saurayi ce mai ji da kansa, ba ta wuce nan ba. Hey Joe, wadda ta fara fito da shi kuma ba shi ya rubuta ta ba, labarin mutum ne da ya harbe matarsa yana shirin gudu, kuma daɗin kiɗan bai taɓa sa na manta da haka ba. Muryarsa ma shi kansa kunyarta yake ji, har sai an kare shi daga idon mutane a situdiyo kafin ya rera. Amma Manic Depression, inda gangar Mitchell ke juyi da ƙafa uku kamar za ta faɗi ba ta faɗi ba, da Third Stone from the Sun, inda jaz da hayaniya suka zauna a tabarma ɗaya, da May This Be Love mai laushi kamar yayyafi, waɗannan sun kusa shekara sittin ba su tsufa ba. A Ingila faifan ya kai mataki na biyu, Sgt. Pepper na Beatles ne kawai ya tare masa gaba. Kwanaki kaɗan da fitowar wancan faifan, Hendrix ya buɗe wasansa a gidan Saville da waƙarsa ta farko, Paul McCartney na zaune a cikin jama'a. Ya ji, ya koya, ya sake mata gini, ya hau da ita gaban mai ita.

Ni kaina a kaset na fara jin sa, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ya yi zaman Abijan, kuma na fi shekara ina ɗaukarsa hayaniya kafin kunnena ya buɗe. Don haka ban yi wa yaron gaggawa ba. Bayan kwana biyu na kira shi gida, na ce ya zo da jitarsa. Ban yi masa wa'azi ba. Red House na sa masa, na ce ya fitar mini da jimlar farko kawai, wadda ba ta kai daƙiƙa goma ba. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ai mai sauƙi ce." Ya gwada har aka kira la'asar. Sautukan ya same su, amma yadda Hendrix ke tura tsirkiya sama ta yi kuka ta dawo daidai inda ta tashi, wannan ya ƙi. Ya dubi kan yatsunsa da suka yi ja, ya tambaye ni shekara nawa mutumin ya yi yana kiɗa kafin ya ɗauki wannan. Na ce takwas da ɗoriya, kuma kusan kullum. Ya yi shiru, sannan ya ce in tura masa waƙar a wayarsa.